Ƙullin Hagu a Birnin Sumul

A can bayan Dutsen Amo, inda ko fatake ba sa kai jakunansu, akwai wani birni na aljanu da ake kira Birnin Sumul. Babu abin da yake fashewa a cikinsa ya zauna a fashe. In tukunya ta faɗi ta yi kwatsa-kwatsa, kafin mai ita ta gama salati ta haɗe kanta, ko alamar tsaga ba za a gani ba. Bangonsu ba ya darewa, zanensu ba ya yagewa, ba a kuma taɓa jin wani ya yi faso a dunduniya ba. In akwai mutumin da bai kamata ya taka irin wannan wuri ba, to gyartai ne, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Shi ne kuwa ya je ya shiga da ƙafarsa, ba wanda ya ja shi.

Sunansa Nomau, mutumin Dogon Marke a ƙasar Gobir. Ba kyakkyawa ba ne, kar mu yi masa ƙarya. Yana da giɓi a gaba, muryarsa a dishe take tun ƙyandar da ya yi yana yaro, ga tsagen gado goma sha uku a fuskarsa, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Kuma bahago ne, har ƙullin da yake yi a ƙarshen ɗinki hagu yake kwantawa. Uwarsa Tabawa makauniya ce. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce Bahago. Duk ranar da ya dawo daga kasuwa sai ta kamo fuskarsa ta bi tsagen nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yarda shi ne, ta kuma yi masa faɗan ƙullinsa da ya ƙi miƙewa.

Abin da ya fitar da shi daga gida masaki ne, ƙatuwar ƙwaryar da Tabawa ta zo da ita ɗakin aure. Akuya ta ture ta, ta tsage gida uku, tsagogin suka haɗu a gindi kamar sawun kaza. Irin wannan fashewa ta fi ƙarfin abin da ubansa ya koya masa. Kullum sai ya sami tsohuwa ta ɗora ɓarayen a cinya tana shafawa. Abin ya ci masa rai, ya ce zai shiga duniya ya koyo ɗinkin.

Tabawa ba ta hana shi ba. Ta ce matar maƙwabcinsu Laraba za ta riƙa duba ta. Ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo, wanda shi ne farkon abin da ya ɗinke yana ɗan shekara bakwai, ta sa masa a jaka don shan ruwa. Sannan ta tuna masa al'adar gidansu.

“Duk garin da ka shiga, kar ka fita sai ka ɗinke ƙwaryar wanda ba shi da abin ba ka. Hanya ba ta buɗe wa gyartan da ya ci gari bai bar masa komai ba.”

Shekara uku ya yi yana tafe, yana koyo yana bayarwa. A bakin Baƙin Gulbi bai sami jirgi ba, sai wata ƙatuwar kififiya mai ƙetarar da matafiya a bayanta, ƙoƙon bayan nata kuwa ya tsage gida uku, ruwa yana shigar mata. Ta ce za ta ɗauke shi in zai ɗinke ta suna tafe, in kuwa suka kai tsakiya bai gama ba, tare za su nutse. Ita ta riƙa nuna masa inda zai soka basilla: a fara daga mahaɗar tsagogin a fito waje, ba daga baki a shiga ciki ba. Ruwa ya kai masa ƙugu sa'ad da ya ja zaren ƙarshe. Ta waiwayo ta duba, ta ce aiki ya yi kyau, ƙullin ne dai ya karkace.

A Dutsen Amo ya faɗa hannun makaɗan kogo, waɗanda ba su da idanu sam, sai kunnuwa kamar faifai. Ƙore suke kifawa su kaɗa. Suka riƙe shi wata bakwai, suka ce ba zai wuce ba sai ya iya ƙwanƙwasa ƙwarya da farce ya faɗi inda ta taɓa jin ciwo. Ya iya. Ya ɗinke wa wani tsohonsu gangarsa kyauta, suka sallame shi.

To, a nan mai hankali zai juya gida, tunda abin da ya fito nema ya samu. Amma Nomau ya riga ya ɗanɗana daɗin sani, kuma shi wannan daɗi ba ya cewa ya isa. A wata kasuwar daji da take ci a gindin dutsen, ya ga ƙwaryar nono ta suɓuce daga kan wata doguwar mata, ta fashe gida biyar. Har ya sa hannu a jaka zai yi sadakarsa ta gari, sai ya ga ɓarayen sun rarrafo sun haɗe, nonon ma ya koma ciki. Ya ce a ransa lallai garin su matar nan akwai gwanayen da ɗinkinsu ba ya nuna zare. Ya bi ta a baya, ta shiga wata tsaga a jikin dutse, ya kutsa. Yana fitowa ta ɗaya gefen ya ji ƙas a bayansa. Ya waiwaya, dutse ya haɗe sumul.

A wurin akwai wani aljani zaune a kan turmi, tsawonsa ya kai giginya, gemunsa a naɗe a wuyansa sau uku. Shi ne Sarkin Ƙofa. Nomau ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce shi baƙo ne, koyon sana'a ya kawo shi, in ya gama zai koma.

“Ya kai ɗan Adam mai jakar fata,” in ji Sarkin Ƙofa, “ka zo neman gwani a inda babu sana'a. Mu ba ma gyara, birnin ne yake gyara kansa, kuma kai ma zai gyara ka. Duk tabon da yake jikinka zai shafe, kowane tabo kuwa da labarinsa yake tafiya. Ranar da na ƙarshe ya shafe ka zama namu, ba za ka ƙara tambayar hanya ba.”

Nomau ya waiwaya ya dubi dutsen da ya haɗe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙofar fa?”

“Ƙofa tsaga ce, ita ce kaɗai tsagar da muke da ita. Mu tana buɗe mana in mun so. Baƙo kuwa, sai ya ba wani ɗan birni abin da ya rasa, shi kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓa. Je ka nema. Shekara dubu ina zaune a nan, ban ga wanda ya rasa komai ba.”

Da farko Nomau bai ɗauki abin da zafi ba, don bayarwa ai aikinsa ne, gari nawa ya fita da ita. Mutanen birni suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ba shi ɗaki mai sheƙi, suka kawo fura da nono da zuma. Kyawawa ne dukansu, fuskokinsu kamar an wanke tangaran, kullum cikin murmushi. Ya bi gida-gida yana kiran sana'arsa, suna fitowa suna kallonsa. Ya miƙa hularsa, suka nuna masa rumbun huluna. Ya miƙa guntun kilishin da ya rage masa, suka yi godiya suka ce sun ƙoshi. Ya ce zai ɗebo wa wata ruwa, ta nuna masa randarta da ba ta taɓa raguwa. Ba wulaƙanci suke yi masa ba, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi, don da sun zage shi da ya sami abokin faɗa.

Washegari ya tashi ya ga fason ƙafarsa ya tafi, dunduniya ta yi laushi kamar ta jariri. Ya yi dariya. A rana ta uku tabon ƙunar da yake damtsensa ya ɓace, ya zauna yana son ya tuna yadda aka yi ya ƙone, abin ya ƙi zuwa. Ya san dai akwai tabo jiya, yau babu, kuma wani abu ya fita daga kansa tare da shi. Daga nan dariya ta ƙare.

A bakin rijiyar tsakiyar gari ya ga wani mutum mai baƙin rawani irin na Buzaye, yana zaune yana murmushi, hannunsa riƙe da akalar raƙumi, babu raƙumin. Nomau ya gane ɗan Adam ne, ya yi murna, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi garinsu. Mutumin ya ce nan ne garinsu. Ya tambaye shi sunansa, ya ce bai ga amfanin suna ba. Ya tambaye shi igiyar mece ce a hannunsa, ya dube ta, ya ce shi ma yana son ya sani, amma ba ta dame shi ba. Nomau ya tashi, ya san abin da yake jiransa ke nan.

Sai ya shiga dabaru, kuma ba dukansu ne na mutunci ba. Ya ɗauki ƙwaryar da aka kawo masa fura ya buga ta da ƙasa da gangan, abin da in ubansa yana raye da sai ya tsine masa, don ya samu ya ɗinke ya ce sadaka ce. Kafin ya zaro basilla ta haɗe. Ya sake bugawa ya danne ɓari ɗaya da ƙafa, ɓarin ya zame ta ƙarƙashin tafinsa ya tafi wurin 'yan'uwansa. Ya buɗe jaka zai shirya zare don ya riga ta a karo na uku, sai ya tarar zarurrukan kabar da ya tsattsaga da hannunsa sun haɗe sun koma ganye guda, ɗanye shar. Ya tsaga, ya haɗe. Ya sake tsagawa, ya haɗe tun yana hannunsa.

Ya koma wa ganuwa. Ya sami wani lungu ya fara haƙa da basilla da farce, tun safe har la'asar, ya yi rami ya shige ciki gaba ɗaya. Ashe yana haƙa gaba, baya yana cikewa. Sai da ya ji ƙasa ta kama masa ƙugu sannan ya yi ta maza ya fizgo kansa da baya, ya bar takalmi ɗaya a ciki, ganuwa ta tofo masa shi. Ya daina cin abincinsu kwana uku ko gyaran zai tsaya, bai tsaya ba. Haƙori ya tsiro a giɓinsa. Wata safiya ya yi sallama ya ji wata murya garau ta fito daga bakinsa, har ya waiwaya ya ga wa ya yi magana.

Sannan aka zo kan fuska. Kowace safiya sai ya je rijiya ya leƙa ya ƙirga. Goma sha biyu, sunan ubansa ya tafi. Goma sha ɗaya, ya manta ranar da kasuwar garinsu take ci. Tara, ya nemi kamannin ƙofar gidansu ya rasa. Birnin bai fi a zaga shi a wuni ɗaya ba, ya zaga shi ya fi sau ashirin, ko'ina ganuwa ce mai santsi, ko ƙadangare ba zai hau ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a bayan kififiya, don can ruwa ne zai ci shi, nan kuwa zai zauna da ransa da lafiyarsa, tsohuwa tana can tana jira, shi ko a jikinsa. Abin da ya fi tsorata shi, wani lokaci sai ya ji zaman ya fara yi masa daɗi.

Abu ɗaya ya riƙe shi, ɗan ƙoƙon nan. Tsagar da take jikinsa ta haɗe tun ranar farko, amma ɗinkin yana nan, don birni bai san yadda zai rufe hudar da zare yake ciki ba. Ɗinki tara ne, karkatattu, aikin yaro. In ya ɗora yatsa a kansu sai abubuwa su dawo: Dogon Marke, inuwar zaure, hannun Tabawa a kuncinsa, sunansa. In ya ɗauke yatsa sai su fara dusashewa. Ya koma ba ya rabuwa da shi, yana zaune a bakin rijiya kusa da mai rawani, yana shafa ƙoƙo kamar mai jan carbi.

Ranar da tsage ya rage saura ɗaya, wata tsohuwar aljana ta tsaya a kansa. Uwar Ƙore ake ce mata, ita take ajiyar ƙoren birni duka. Ya sha ganinta tana zuwa rijiya da wata 'yar farar ƙwarya, ta wanke ta, ta goge, ta koma da ita ba ta zuba komai a ciki ba. Ita kaɗai ce a garin murmushinta ba ya kaiwa ido.

“Ya kai baƙo,” in ji ta, “mene ne wannan da yake tafiya a bayan ƙoƙonka kamar jerin tururuwa?”

Ya ce ɗinki ne, a nan ƙoƙon ya taɓa fashewa.

“Ya warke, me ya sa ka bar shaida?”

“Don in san ya taɓa fashewa, Iya. In na taɓa nan ina tuna wadda ta ba ni.”

Tsohuwa ta sake duban ɗinkin. Sannan ta zauna a ƙasa, abin da aljanun birnin ba sa yi a gaban baƙo, ta ɗora farar ƙwaryar a tsakaninsu. Ta ce shekara ɗari uku ke nan tana wanke ta kullum, ba ta san dalili ba. Tana da ƙore dubu, amma in ta kwana ba ta taɓa wannan ba sai ta ji kamar ta bar wani abu a kan wuta. Ta tabbata ta taɓa fashewa, ta kuma tabbata ranar wani abu ya faru, amma tsagar ta haɗe ta tafi da labarin.

“In kana iya mayar mini da shaidar a inda take, ka mayar. Ban san wurin ba, kuma ba ni da abin da zan ba ka wanda zai amfane ka.”

Nomau ya gane wannan ita ce irin ƙwaryar da uwarsa ta ce kar ya bar gari bai ɗinke ba. Ya kife ta, ya kara kunne, ya shiga ƙwanƙwasawa da farce yadda makaɗan kogo suka koya masa. Ko'ina tana amsawa garau, sai wani layi daga baki zuwa gindi da amonsa ya ɗan mutu. Ya bi shi da gawayi ya shata. Saura zare. Ya dubi ganyen kabar da ya ƙi tsaguwa, ya dubi ƙoƙonsa. Duk faɗin Birnin Sumul babu wani zare sai wanda yake riƙe masa da uwarsa.

Ya daɗe yana juya ƙoƙon. In ya warware ya ɗinka mata, ta duba ta ce ba ta ji komai ba, shi ke nan, ya yi biyu babu, gobe war haka yana nan yana murmushi kusa da mai akala. In kuwa ya ƙi, gobe ma tsagen ƙarshe zai tafi, sai dai ya zauna da ƙoƙo yana tuna gidan da ba zai koma ba. Ya dubi tsohuwar, ya ga yadda ta ɗora hannu a kan ƙwaryar tana shafawa, ya tuna wata da take yin haka. Ya sa bakin basilla ya ɓalle ɗinkin farko.

Yana warwarewa abubuwa suna zubewa. Inuwar zaure ta tafi, Laraba ta tafi, akuyar da ta ture masaki ta tafi. A ɗinki na takwas sunansa ya tafi, mu da muke ba da labari ne kawai muka riƙe masa shi. Ya yanke zaren a nan, ya bar ɗinki ɗaya tak a jikin ƙoƙo. Hannunsa dai bai manta aikinsa ba. Yana huda yana zura zare nan take kafin hudar ta rufe, yana ja, har ya kai gindi da ƙyar, ya ƙulla. Ya miƙa mata da hannun hagu, don ya manta an taɓa hana shi.

Uwar Ƙore ta ɗora yatsa a kan ɗinkin ta bi shi a hankali. Da ta kai tsakiya sai fuskarta ta yamutse, ta buɗe baki ta yi wani irin kuka da birnin bai taɓa ji ba, har tsuntsaye suka tashi daga kan ganuwa. Mutane suka fito suka kewaye su, suna kallon ruwan da yake fita daga idonta, ba su san mene ne ba. Ta ce tana da 'ya. 'Yar ce ta saki ƙwaryar nan ta fashe, ita kuma ta zage ta zagi mai muni, yarinya ta yi fushi ta fita ta ƙofa, ba ta dawo ba. Kafin rana ta faɗi ƙwarya ta haɗe, uwa ta manta ta taɓa haihuwa.

Nomau ya tsorata, ya ga ya zo yin sadaka ya ɓuge da cuta. Ya ce ta yafe masa, bari ya warware.

Ta rungume ƙwaryar a ƙirji. “Kar ka taɓa. Ya kai ɗan Adam, shekara ɗari uku ina cikin ƙoshi, yau ka ba ni ciwon 'yata. Nawa ne, an sace mini shi ne. Ku shaida, ya mutanen birni, na rasa, ya ba ni, na karɓa.”

Dutse ya yi ƙara kamar an sare itace. Nomau ya suri jakarsa ya kama hannun mai rawani ya ce su tafi, mutumin ya zame hannunsa cikin ladabi ya ce ina za shi, ga shi a gida. Dole ya bar shi. Sarkin Ƙofa ya miƙe tsaye, karo na farko a shekara dubu, ya ce, “Wuce da sauri, mai jakar fata, tsagar nan ba ta son zama a buɗe.” Ya kutsa, dutse yana matse masa haƙarƙari. Yana tsakiya ya ji kuncinsa ya yi sanyi, ya san na ƙarshen ya tafi. Ya faɗo waje ta fuska, dutse ya haɗe ya cinye masa gefen riga.

Abin da ɗinki ɗaya ya riƙe masa kaɗan ne: sunan Dogon Marke, da wata tsohuwa makauniya mai fasasshen masaki wadda ya san tasa ce. Da wannan ya yi ta tambaya gari-gari har wata biyar. Ko'ina ya sauka sai ya ɗinke wa wani ƙwarya kyauta kafin ya wuce, bai san wa ya koya masa haka ba.

Ya iso da hantsi. Ba wanda ya gane shi, shi ma bai gane kowa ba, sai da ya tambayi gidan makauniya aka nuna masa. Laraba ta fito ta ga santalelen baƙo yana cewa shi ɗan gidan ne, ta tambaye shi sunansa ya ce ya manta, ta tambaye shi sunan ubansa ya sunkuyar da kai. Ta so ta kira maza, Tabawa ta jiyo daga ciki ta ce a shigo da shi. Ya durƙusa a gabanta ya ce, “Inna, na dawo.” Ta karkata kai ta saurari muryar, ta miƙo hannu ta shafa kuncin dama, ta shafa na hagu, ta sake komawa. Sannan ta janye hannunta ta sa a cinya.

“Ɗana yana da goma sha uku, kuma muryarsa ba haka take ba. Allah ya haɗa ka da taka uwar, yaro. Laraba, ba baƙo ruwa.”

Bai taɓa jin abin da ya yi masa ciwo kamar wannan addu'a ba. Ya sha ruwan, ga shi ba shi da labari ko ɗaya da zai kafa shaida da shi. Can ya ce shi gyartai ne, kuma ba ya barin gari sai ya yi ɗinki ɗaya na sadaka, ko akwai fasasshiyar ƙwarya a gidan. Tsohuwa ta juyo wajensa. Ta ce akwai, amma wani take jira. Laraba ta ce shekara kusan huɗu ana jira, a bari bawan Allah ya gwada, ta shiga ta ɗauko ɓarayen.

Ya zauna a tsakar gida ya tsaga sabuwar kaba, wannan karon ta tsagu ta zauna a tsage. Ya fara daga mahaɗar tsagogin ya fito waje, reshe ɗaya bayan ɗaya, har azahar ta gota. Ya zuba ruwa a ciki, ko ɗigo bai fita ba. Ya ɗora mata a cinya.

Tabawa ta bi ɗinkin da yatsa, tana gyaɗa kai. Ta ce wannan aikin gwani ne, ɗanta bai kai nan ba, ko ubansa bai kai ba. Ta bi reshe na farko har baki, yatsanta ya tsaya a kan ƙulli. Ta koma ta bi na biyu, ya sake tsayawa. A na uku ta riƙe ƙullin gam.

“Shekara huɗu kana yawon duniya,” in ji ta, “a rasa wanda zai miƙe maka ƙullin nan, Bahago?”

Ya kifa kansa a gwiwarta ya yi kuka kamar yaro. Ta kamo fuskar nan mai santsi, ta ɗora yatsa a inda tsagen farko yake a da, ta ja shi daga gefen baki zuwa kunne, ta faɗa masa sunan ubansa. Ta ja na biyu, ta ce kasuwarsu ran Talata take ci. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure wurin ko ɗaya ba, tana ja tana mayar masa da abin da ya zube, har goma sha uku.

Da ta gama ya ɗago ya ce, “Inna, saura ɗaya. Ban san sunana ba.”

Laraba ta buɗe baki za ta faɗa, tsohuwa ta ɗaga mata hannu. Shekara arba'in ke nan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko ranar da aka raɗa shi. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska don kunya, ta jawo kansa kusa da bakinta.

“Nomau,” in ji ta. “Tashi ka ɗauke masakin nan daga hanyar akuya.”